Accord ɗin da ke dukan ƙasa tsakanin Tudun Wada da Samaru: yadda aka daidaita tsayinta a kan koyiloba

Motar da hanyar da take bi

Motar Honda Accord ce ƙirar 2004 mai silinda huɗu, irin wadda dillalan mota ke kira EOD, tana kan taya 205/60R16. Mai ita matashin ma'aikaci ne, gidansa a wani layi cikin Tudun Wadar Zariya, wurin aikinsa a Samaru. Kullum da safe sai ya tsallake kwalbatin bakin layinsu, ya bi ta PZ, ya wuce Kwangila, ya miƙe Titin Sokoto. A hanyar akwai tudun rage gudu da dama, wasu masu faɗi, wasu gajeru masu tsini. Duk ƙarshen wata kuma yakan kwashi iyali zuwa Kaduna, mutum uku a baya, but cike da kaya.

A ƙarshen Nuwamba shokozobarsa ta gaba ta fara yoyo. Maimakon ya sayi irin ta asali, sai ya sayi koyiloba guda huɗu na hannu, kayan Beljiyam, saboda yana son motar ta sauka ta yi kyan gani.

Koyiloba shokozoba ce da sifirin a haɗe, jikinta an yanka masa tiredi irin na noti daga sama har ƙasa. Irin wadda ya saya tana da wurin gyara biyu, kuma duk labarin nan a kan bambancinsu ya ta'allaƙa. Na farko shi ne zoben da sifirin ke zaune a kai, da wani siririn zobe a ƙarƙashinsa mai kulle shi. Na biyu shi ne kofin ƙasa, wanda jikin shokozobar ke murɗawa cikinsa, shi ma da nasa zoben kullen. Kofin ƙasa shi ke ƙara tsawon ƙafar gaba ɗaya ko ya rage shi, ba tare da ya taɓa sifirin ba. Zoben sifirin kuwa, idan aka motsa shi, mota takan tashi ko ta sauka, amma a lokaci guda yana canza wurin da sandar shokozoba ke tsayawa a cikin tafiyarta. A jikin sifirin na gaba an rubuta 12K, na baya 6K, wato kilo 12 da kilo 6 ke matse su milimita ɗaya.

Makon farko na Disamba: ɗaurin farko

An ɗaura su a wani gareji mai dandaɓen ƙasa. Makaniken ya gwada murɗa kofunan ƙasa na gaba, suka ƙi motsi, ya ɗan buga zobban da kurfi da guduma, bai ci nasara ba, ya bar su yadda suka zo. Sai ya koma kan zoben sifirin, ya yi ta sassauta shi har tayar gaba ta kusa shigewa cikin madigadi, yatsa ma ba ya shiga tsakaninsu. Bai taɓa na baya ba. Ba a yi awo da tef ba, da ido aka duba, kuma ba a kai motar alayimen ba, wato daidaita fuskar tayoyi.

Daga baya, da aka bi shaidar da zobban suka bari a jikin tiredi, an lissafa cewa a wannan lokacin an sauke zoben sifirin milimita 15 ƙasa da inda ya kamata ya taɓa sifirin. Tsayin motar daga tsakiyar wili zuwa leɓen madigadi ya kasance kusan milimita 322 a gaba hagu, 331 a gaba dama.

Tun ranar farko aka ji matsala. A kwalbatin bakin layi cikin motar ya goga siminti. A kan kowane tudun rage gudu gaban motar yakan yi dum, kamar an doka turmi a ƙasa, ko da kuwa a giya ɗaya aka hau. Idan taya ta faɗa rami sai a ji ƙarar ƙarfe na ɓalɓal, sannan wani ƙas idan ta fito. Robar da ke rufe cikin madigadin hagu ta tsage cikin kwana goma.

Ƙarshen Disamba: abin da mai motar ya gwada da kansa

A saman kowace shokozoba akwai ɗan maɓallin da ke ƙara mata tauri ko laushi. Ya murɗa na gaba har ƙarshe wajen tauri. Dukan ya ɗan ragu a kan ƙananan tudu, amma motar ta koma rawa a kan kwalta mai ƙuraje, kuma a manyan tudu dum ɗin na nan. Maɓallin saurin motsin shokozoba yake ragewa, ba ya ƙara mata filin tafiya.

Wani mai faci ya ba shi shawarar ƙara iska don motar ta ɗaga. Aka kai tayoyin gaba 42 a geji. Tashin da aka samu bai wuce milimita biyu zuwa uku ba, sitiyari ya yi sauƙi fiye da kima, duk wani tsakuwa sai an ji shi a kujera.

Tsakiyar Janairu: gareji na biyu

Buƙatarsa a nan ɗaya ce, a ɗaga gaban motar. Wannan makaniken ma kofunan ƙasa sun gagare shi. Sai ya yi akasin abin da na farko ya yi: ya murɗa zoben sifirin sama, ya yi ta matsa shi da sifana da bututu a kai don ƙarin ƙarfi. Da ya sauke motar ya ga hagu ta fi dama ƙasa, ya sake ɗagawa ya ƙara wa hagun matsi har suka yi daidai a ido. Sifirin dama ya ƙare da matsin milimita 15, na hagu 21.

Gogar kwalbati ta daina, dum ɗin nan ma ya ɓace a yawancin wurare. Amma sabbin abubuwa suka fito. Duk lokacin da tayar gaba ta sauko daga kan tudu ko ta faɗa rami, sai a ji ƙwal daga sama, ƙarar da ta fi ƙarfi a hagu. A kwana mai gargada motar takan ɗan zame kamar tayar ciki ta saki ƙasa. Gaba ya fi baya tsayi, fitilu suna haska idon masu tahowa, da dare ana ta ƙyafta masa wuta a hanyar Samaru. Da aka ɗauki iyali zuwa Kaduna a ƙarshen watan, tayoyin baya suka riƙa shafar madigadi a duk inda hanya ta yi kwari. Bayan dawowa ya lura gefen ciki na tayoyin gaba ya fara cinyewa.

Makon farko na Fabrairu: ranar awo

Gareji na uku na wani dattijo ne mai aikin ƙafar mota. Da mai motar ya ce masa, "Baba, so nake a ɗan sassauta sifirin ɗin kawai," sai ya ce, "Malam, ka bar mini ita kwana biyu. Yau ba abin da zan kwance sai na auna."

An kai motar kan daɓen siminti da aka tabbatar da daidaitonsa da tiyon ruwa irin na magina. An mayar da iskar tayoyi yadda takardar jikin ƙofar direba ta nuna, tanki rabi, but babu komai. Aka tura motar gaba da baya ba tare da birkin hannu ba don tayoyin su saki jiki. Sannan aka liƙa ɗan salatif a leɓen kowane madigadi daidai saman tsakiyar wili, domin duk awon da za a yi nan gaba ya fito daga wuri ɗaya. Daga tsakiyar wili ake aunawa, ba daga ƙasa ba, saboda iskar taya da cinyewarta ba sa shiga wannan lissafin.

Abin da tef ya nuna: gaba hagu 373, gaba dama 374, baya hagu 340, baya dama 346. An auna wata Accord ɗin irinta da ke garejin a kan ƙafarta ta asali, aka samu 385 a gaba, 380 a baya. Zurfin zanen tayoyin gaba milimita 6 ne a waje, 3 a ciki.

Da aka ɗaga motar aka dasa ta a kan jakunan tsaye, aka cire tayoyi, sai sauran bayanin ya fito. A sifirin gaba na hagu fenti ya ɓare tsakanin zagaye da zagaye, alamar sun riƙa haɗuwa da juna. Robar da ke tare shokozoba kafin ta ƙure, wadda tsawonta milimita 25 ne, ta dagargaje a hagu, ta tsage a dama, kuma wannan aikin watan Disamba ne. Kan boljoyin, wato gaɓar ƙarfe mai juyawa da ke ƙarshen hannun sama, ya bar tabo mai sheƙi a jikin bodi. A wannan ƙirar ta Accord ƙafar gaba hannu biyu gare ta, na sama da na ƙasa, kuma idan aka sauke ta da yawa na saman ne ke fara dukan bodi.

An cire ƙafafun gaba biyu aka jera su a kan benci. Kofin hagu ya fi na dama shigewa ciki da milimita 6. Haka suka zo daga motar da aka ciro su, kuma shi ne dalilin karkatar da makanike na biyu ya rufe da matsin sifirin.

Tafiyar sandar shokozobar gaba gaba ɗaya milimita 110 ce. Nauyin motar yana matse sifirin gaba milimita 46. Da waɗannan lambobi biyu ana iya karanta duk abin da ya faru. A Disamba, sifirin na da sarari na milimita 15 kafin ya fara aiki, sai sandar ta nutse 61 tun motar na tsaye, abin da ya rage kafin ta taɓa roba 24 kacal. Shi ne dum ɗin. Idan kuma taya ta rataya a rami, sifirin ya saki mazauninsa ya yi ɓalɓal, ya dawo ya zauna da ƙas. A Janairu kuwa, matsin 21 ya sa sandar hagu ta nutse 25 kawai, wato iyakar abin da take da shi na miƙewa ke nan idan ƙasa ta guje wa taya. Tana ƙurewa sai ta buga kanta daga ciki, ƙwal, tayar kuma ta bar ƙasa na ɗan lokaci.

Akwai abin da ake yawan faɗa a gareji, cewa matsa sifirin na ƙara masa tauri. A sifirin da zagayensa ke daidai da juna irin wannan, 12K yana nan 12K ko an matsa ko ba a matsa ba. Abin da matsin ke yi shi ne ya ɗebi filin miƙewa ya mayar da shi filin nutsewa. Taurin da direba ke ji ƙurewar shokozoba ce.

Kwance kofunan da suka cije

Jikin shokozobar ƙarfe ne, zobban alminiyam, sun daɗe ba a motsa su ba, ga ƙurar hunturu ta wata biyu ta cika tiredin ta daskare. An goge tiredin da buroshin waya, aka wanke da kananzir, aka fesa man kwance tsatsa aka bar su suka kwana. Ba a kusantar da wuta ba, domin akwai iskar gas mai matsi a cikin shokozobar, zafi kuma na lalata robobin da ke riƙe mai. Da safe aka damƙe kofin a bais tsakanin katako biyu, aka sa sifana mai ƙugiya a zoben kulle, aka ɗan bubbuga hannunta da gudumar roba. Na dama ya saki nan take. Na hagu, wanda kurfi ya lanƙwasa wa haƙora biyu, sai da aka gyara bakinsu da fayil kafin ƙugiyar ta kama. Bayan an kwance, an murɗa kowane kofi ya fita gaba ɗaya, aka wanke ciki, aka shafa man hana cijewa kaɗan a inda zai zauna kawai. Giris mai yawa a buɗaɗɗen tiredi a garin nan tarkon ƙura ne.

An sa sabbin robobin tarewa a gaba. Aka mayar da maɓallan tauri tsakiya duka huɗun.

Saita sifirin, sannan tsayi

An fara da sifirin, ƙafa tana a miƙe ba nauyi a kanta. A sassauta zobe har sifirin ya yi sako-sako, a murɗo shi da hannu har ya taɓa sifirin ya hana shi motsi sama da ƙasa. Nan ne sifili. Daga nan aka ƙara milimita 4 da sifana, aka kawo zoben kulle aka ɗaure su da juna. An auna tazarar tiredin aka ga zagaye goma na tafiyar milimita 15, wato kowane zagaye milimita ɗaya da rabi, don haka milimita 4 ya kama zagaye uku ba kaɗan. Haka aka yi wa duka huɗun, kuma daga nan ba a sake taɓa zoben sifirin ba.

Aka mayar da ƙafafun da kofunan a inda suke a da, aka kwance sandar sitabilaiza, wato ƙarfen da ke haɗa ƙafar hagu da ta dama, ɗaya a gaba da ɗaya a baya don kada ta ja gefe ɗaya ta ɓata awo, aka sauke motar, aka tura ta, aka auna: 349 da 358 a gaba, 344 da 350 a baya.

Tsayin da za a nufa an tsayar da shi ne bayan an je an duba kwalbatin layin an kuma yi la'akari da tafiyar Kaduna: 362 a gaba, 366 a baya. Wato gaba ya sauka milimita 23 daga na asali, baya 14. Mai motar ya so a ƙara saukewa, aka nuna masa tabon boljoyin, ya haƙura.

A nan ne lissafin zagaye ke ruɗar mutane. Shokozobar gaba a wannan motar ba a bakin taya take zaune ba, tana kan hannun ƙasa ne daga ciki, saboda haka abin da aka ƙara mata yana ninkuwa kafin ya isa taya. An gwada: milimita 7 a kofi ya ba da 10 a madigadi. Gaba dama na neman 4, aka fito da kofi zagaye 2. Gaba hagu na neman 13, zagaye 6. Bambancin zagaye huɗu shi ne milimita 6 ɗin nan da aka gani a benci, yanzu ƙafafun biyu tsawonsu ɗaya. A baya shokozobar ta fi kusa da taya, milimita 10 a kofi na ba da kusan 11. Hagu ta ɗauki zagaye 13, dama 10.

Yadda ake yi a jikin mota: a ɗaga gaba duka ko baya duka, ba gefe ɗaya ba, a sassauta zoben kullen kofi kaɗai, a kama jikin shokozobar a murɗa shi gaba ɗaya da sifirin ɗinsa, an riga an yi masa alama da fenti don ƙirga zagaye. Ana lura da tiyon birki da wayar na'urar birki ta ABS kada su miƙe. Bayan an gama an duba tiredin da ya rage a cikin kowane kofi. Mafi ƙaranci shi ne na baya hagu, milimita 48. Ga irin wannan ƙafar ba a son ya gaza 25.

Sau uku aka ɗaga aka sauke. A na biyu baya dama ta haura da milimita 3, kuma da aka rage mata zagaye ɗaya sai gaba hagu ta motsa da ɗaya. Mota kamar tebur mai ƙafa huɗu take, ƙafar da aka tsawaita ita da kishiyarta ta kusurwa ke ɗaukar ƙarin nauyi. Shi ya sa ba a bi kowace kusurwa ana neman lamba ɗaya tak ba, muddin ƙafar hagu da ta dama tsawonsu bai yi nisa da juna ba. An tsaya a 362 da 362 a gaba, 365 da 367 a baya. Aka ɗora buhun siminti da jarkar ruwa mai lita 20 a kujerar direba, kilo 70 ke nan, gefen hagu ya sauka milimita 4, aka bar shi haka.

Notunan da suka ratsa bushin na roba, irin na ƙasan cokalin shokozobar gaba, an ɗaure su ne bayan nauyin motar ya hau ƙafarta. Idan aka ɗaure su taya na rataye, robar takan zauna a murɗe, ta riƙe motar sama na 'yan kwanaki, daga baya ta yage. An mayar da sandunan sitabilaiza, notunan taya aka ɗaure su a 108 Nm na ma'aunin ƙarfin ɗauri.

Gwaji na ƙarshe da ɗan zaren roba mai zugewa aka yi shi, irin na ɗaure waya. An ɗaura shi a sandar shokozobar gaba, aka tura shi ƙasa, aka zagaya ta Kwangila aka dawo. Sandar na nutsewa 42 a tsaye, tana da 43 kafin roba. Zaren ya tsaya milimita 9 kafin robar. Ƙwal da dum duk babu.

Kwana uku bayan haka: alayimen

Na'ura ta nuna bakin tayoyin gaba ya buɗe waje da milimita 5 jimilla, shi ne ya ci gefen ciki. Duk lokacin da tsayin mota ya canza, fuskar taya na canzawa, kuma motar ta yi wata biyu a tsayi biyu daban-daban ba a gyara ba. An mayar da gaba sifili, baya ya kalli ciki da milimita 2. Karkatar saman tayar baya ta tsaya wajen digiri ɗaya da rabi. Wannan ƙirar ba ta zo da wurin gyara wannan karkatar ba sai an sayi hannu na musamman, kuma a wannan tsayin ba a ga buƙatarsa ba. An saita fitilu, aka mayar da tayoyin gaba baya.

Maris zuwa Yuli

Bayan kilomita 300 aka sake awo a kan daɓen nan: gaba ya zauna da milimita 2, baya da 1. Layin fentin da aka ja a kan zobban bai goce ba. A tafiyar Kaduna ta ƙarshen Maris, da mutum uku da kaya, baya ya sauka milimita 20 kuma taya ba ta taɓa madigadi ba. Da ruwa ya sauka sosai a Yuli, zaizaya ta ƙara wa kwalbatin layin tsayi, motar ta goga sau ɗaya tana ɗauke da mutum biyar. Ba a canza tsayi ba, direban ya koma hawansa a karkace. Zanen tayoyin da ke gaba yanzu yana cinyewa daidai ciki da waje. Duk wankin mota ana watsa wa tiredin ruwa a goge laka.

Hukunci

Gyara biyun farko hanya ɗaya suka bi, ko da yake ɗaya ƙasa ya yi ɗaya sama: an nemi tsayi a zoben sifirin saboda kofin ƙasa ya cije, kuma kwance shi na bukatar a cire ƙafa a jira kwana guda. Wannan kwana gudan da aka ƙi bayarwa ya ci robobin tarewa biyu, robar madigadi, da rabin ran tayoyi biyu. Makanike na biyu ya fi kusa da gaskiya, don ya ga motar ta karkata, sai dai ya gyara alamar a sifirin alhali dalilin na cikin kofi. Maɓallin tauri da ƙarin iska ba su da alaƙa da matsalar tun farko.

Akwai koyilobar da ba ta da kofin ƙasa mai murɗawa, zoben sifirin ne kaɗai wurin gyaranta. A irinta dole da shi za a nemi tsayi, a cikin iyakar da masu ƙera ta suka rubuta, kuma sau da yawa tana zuwa da ƙaramin sifirin mai taushi da ke hana babban yin sako-sako. Wadda ke kan motar nan ba irinta ba ce, kuma duban minti ɗaya ya isa a gane hakan.

Saukar milimita 54 zuwa 63 da aka yi a Disamba ba za ta zauna lafiya a wannan hanyar ba ko da ta kofin ƙasa aka yi ta. Shokozobar za ta samu filinta, amma boljoyin na sama zai ci gaba da dukan bodi, cikin motar kuma zai ci gaba da gogar kwalbati. Sifirin 12K ɗin ma ya fi na asali tauri sosai, kuma mai motar har yanzu yana jin gargadar hanya fiye da da. Idan ya so rage wannan, sai an canza sifirin zuwa mai laushi, sannan a sake awon nutsewar sanda daga farko, domin sifirin mai laushi zai cinye wani ɓangare na milimita 43 ɗin da ya rage kafin roba.